Asuwaki a Bututun Hita

Sabuwar hitar gas ta gidanmu a unguwar Zamalek ta mutu ana tsakiyar sanyi. Maigidana, Baban Ihsan, ya yi wanka da ruwa kamar ƙanƙara, ya fito yana masifa. Mai gyara na shigowa, maigidan ya hau shi da faɗa: "Aikin banza kuka yi mana!"

Mutumin ya tsuguna, ya ce irin wannan hitar dole ta riƙa ɗigar da ruwa ta siririn bututun ƙasa, in aka toshe shi sai ta kashe kanta. Ya zaro guntun asuwaki taunanne da aka toshe bututun da shi, irin na maigidan.

Na karɓa na miƙa wa maigidan. "Ma'alish, yi haƙuri, Baban Ihsan. In ajiye maka, ko za ka ƙarasa faɗan tukuna?"