Ƙararrawar Ƙafar Uwa

Sornam ta iso daidai ɗan ɗakin gunkin Candikesa a haikalin Shiwa, babban abin bautar garin, sai ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran bakin sarinta, dogon zanen da ta naɗa, kamar yau ya fara zamewa. Matan da ke gabanta kowace ta tsaya ta tafa sau ɗaya, ta buɗe tafukanta, ta wuce. Haka aka taso aka tarar: shi ne mai gadin dukiyar Shiwa, kullum idonsa a rufe, sai ka tafa ya ji ka, ya ga ba ka fita da ko tsinke ba. Shekara talatin da takwas ke nan rabon Sornam da tafi. Wasu suka ce ciwon gaɓoɓi ne, wasu suka ce girman kai ne na matar shugaban makaranta. Duk ba su canka ba. Dalilin yana ƙulle a bakin sarin nan da take ta gyarawa, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Shekara bakwai ta yi a gidan miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ga uwar miji mai harshe kamar barkono. Ranar bikin jan karusa, ana cikin yi wa gunkin Uwa, matar Shiwa, wanka da ado a ɗakinta, sai ƙararrawa ɗaya ta tsinke daga mundayen azurfar ƙafarta, ta gangaro har gindin wani ginshiƙi da aka sassaƙa masa dokin da ya ɗaga ƙafa. Sornam tana tsaye a wurin da kwandon furanni. Ta ɗora ƙafa a kai. An taɓa gaya mata cewa duk macen da ta kwana da abin da ya taɓa jikin Uwa, ba za ta rasa goyo ba. Ta ce a ranta aro ne, kwana arba'in ta mayar.

Kafin kwana arba'in ɗin su cika aka ƙirga kayan ado, aka ga giɓi. Laifin ya faɗa kan Kadiresan mai kunna fitilu, don shi ke fita ƙarshe daga ɗakin. A tsakiyar zaure mai ginshiƙi ɗari aka tuɓe shi aka caje, wani dattijo ya kwaɗa masa mari, aka karɓe tulun mansa. Ya rantse a gaban kowa cewa ba zai sake taka haikalin ba sai ƙararrawar ta fito. Sornam kuwa a lokacin ta fara jin tashin zuciya da safe. Wa zai mayar da maganin da ya fara aiki? Aka haifi Ilango, ta ce bari ya yi ƙwari. Ya yi ƙyanda, ta ce bari ya warke. Haka dai, har ya yi gashin baki, ya yi mota.

To yau da ƙarfe huɗu motar nan za ta zo ta kwashe ta zuwa birnin Cennai, tafiyar da ba dawowa, don an riga an sayar da gidan. Shi ya sa ta yi sammako. Ta gai da Ganesa mai kan giwa, ta shafi kuncin Nandi, bijimin dutsen da hannayen mutane suka siɗe har yana sheƙi, ta zagaya ɗakin Shiwa sau uku. Sauran abu ɗaya: babban akwatin ƙarfe na sadaka da ke bakin ɗakin Uwa. Shirinta shi ne ta saki ƙararrawar a ramin, ta wuce abinta, ba wanda zai ji ba wanda zai gani.

"Yaya Sornam! Za ki gudu birni ba sallama?"

Ponni ce, mai shirya furanni, zaune ta miƙe ƙafa a gindin ginshiƙi, yatsunta na ta ƙulla yasmin, bakinta kuma bai taɓa jiran yatsun ba.

"Ina ni ina gudu da gwiwoyin nan, Ponni?"

"An ce gidan ɗanki hawa goma sha biyu ne, ya fi hasumiyar ƙofarmu. Ki dai riƙa leƙo mu daga sama. Me kike kwancewa haka a hankali? In zinariya ce ki miƙo nan, Uwa tana da ta isa."

"'Yar sadaka ce."

"To ki rubuta sunanki a jiki, ina gaya miki. Bara da aka buɗe akwatin nan aka tsinci zobe, ba ki ji abin da gari ya ɗauka ba? Wai tsohon ɓarawo ya fara jin ƙamshin itacen ƙona gawa, ya soma mayar da kaya da kaɗan-kaɗan." Ta ƙyalƙyale da dariya. "Har yara sun bi shi da waƙa. Ni ko na ce, ranar da ƙararrawar nan za ta faɗo daga akwatin, ranar za mu san tsoho ya gama shiri."

Yatsun Sornam suka tsaya a kan ƙullin. Shekara da shekaru tana shirya yau, ko sau ɗaya wannan bai faɗo mata a rai ba. In ta sake ta a akwatin, ita ta tafi birni da sunanta fes, Kadiresan kuma an gama da shi: ga shaida, ya mayar.

"Lafiya, Yaya? Kin yi fari fat."

"Tashi ki raka ni ƙofa."

"Furannina fa?"

"Taso, Ponni. Yau zan ba ki abin da za ki yi shekara kina tauna."

Ai ko rufe baki ba ta yi ba, Ponni ta miƙe da zaren a wuya.

Suka ratsa zauren, suka wuce tafkin wanka mai matakala, suka bi ta ƙarƙashin hasumiyar mai hawa bakwai, inda alloli da aljanu da birai suka hau kan juna cikin sabon fenti. Nan waje, taku goma daga dokin ƙofa, Kadiresan ke zaune da tulin kwakwa da ayaba, ya ba hasumiyar baya kamar kullum. Kowace Juma'a Sornam a wurinsa take sayen kwakwa, ba ta taɓa tayawa ba, kuma ta daɗe tana gaya wa kanta cewa wannan ma wani abu ne.

"A'a, matar malam. Yau ai Talata ce. Ko kin ɓata lissafi?"

Ta buɗe hannunta a gabansa. Azurfar ta yi baƙi. Masu sayar da kafur da turare suka miƙo wuya. Muryarta ta fito siririya, sai ta sake ɗagawa don kowa ya ji.

"Ni na ɗauka, Yaya Kadiresan. Ranar karusa. Ta gangaro na take. Ina tsaye a zauren aka mare ka, ban ce komai ba."

Ponni ta dafe ƙirji. "Wayyo Uwa! Matar malam?" Daga nan ba ta ƙara ba, abin da ba a taɓa gani ba a garin.

Tsohon ya ajiye addarsa. Ya ɗauki ƙararrawar da yatsa biyu, ya kai kunne ya girgiza. Ta yi 'yar ƙara.

"Ashe ƙarama ce haka," ya ce. "Ni a raina ta fi haka girma."

"Ka zage ni. Ka tofa mini yawu, na cancanta."

"Yaron naki lafiya?"

"Lafiya lau."

"To ta yi aiki ke nan." Ya juya ta a tafinsa. "Kin tuna Alamelu, matata? Ita ba ta rantse ba, ni na rantse. Amma ta ce ƙofar da ta hana mijinta ta hana ta. Duk bikin fitilu tana tsaye a nan, tana leƙen hasken daga nesa. Shekara huɗu ke nan da muka ƙona ta. Ana gobe za ta cika ta kama hannuna ta ce, 'Maigida, yanzu ba kowa, daga ni sai kai. Ka ɗauka?'"

Wata saniya ta zo ta ja ayaba ɗaya daga tulin, ba a kore ta ba.

"Na ce mata a'a. Ta ce to. Amma na san to ɗin Alamelu."

Sornam ta durƙusa, da gwiwoyin nan nata, ta kai hannu za ta taɓa ƙafarsa. Ya janye.

"Tashi, ƙanwata, kada ki ɓata sarinki." Ya mayar mata da ƙararrawar, ya naɗe yatsunta a kai. "Ki kai wa mai ita. Hannu da hannu za ki ba mai hidimar ɗakin, ki faɗi sunanki."

"Zo mu shiga tare. Rantsuwarka ta sauka."

Ya ɗan juya kai, kamar zai waiwayi hasumiyar, sai ya fasa. Ya jawo kwakwa ɗaya ya ɗauki adda.

"Ki je ke dai," ya ce. "Wadda nake so in shiga da ita ba ta nan."