Wanda Ya Fitar da Ita Waje

A fadar shan shayi da ke bakin shagon Nassirou tela, a unguwar Kalley ta Yamai, babu wanda bai haddace maganar Alhaji Mutari ba. Kafin a sauke shayi na biyu zai gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ai ni na fitar da yarinyar nan waje."

Yarinyar ita ce Halimatou, 'yar ƙanwarsa Jummai, wadda ƙwallon kwando ya zagaya duniya da ita. Ta fara da wata ekip, wato ƙungiyar wasa, a Bamako, ta wuce Dakar, daga can sai Luanda inda ta ɗaga kofi. Turawa suka gan ta suka ɗauke ta zuwa Sifaniya. Ta daɗe a Turkiyya, ta leƙa Romaniya inda sanyi ya kusa tsinke mata yatsu, aka yi mata aiki a gwiwa, ta warke ta koma fili. Sunayen ƙasashen nan Alhaji Mutari yana jero su kamar wuridi. Wasan kuwa bai san kansa ba balle gindinsa. Ya taɓa tambayar Nassirou me ya sa ba a nuna mai tsaron ragar su Halimatou a tele.

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Shi ya fitar da ita waje. Lokacin tana lisse, babbar sakandare, ita da uwarta suna zaune a gidansa na Boukoki bayan rasuwar mahaifinta. Ba ya kiran ta da sunanta, sai Doguwa, kuma ba tsawonta kaɗai yake nufi ba, har da aljanar. Ranar da aka gaya masa an gan ta a fili da gajeren wando, maza na kallon ƙafafunta, ya dawo daga biro, wurin aikinsa, yana huci. Da la'asar sakaliya, unguwa cike da mutane, ya ɗauko jakarta ya jefa a kwata, ya tura ta waje ya rufe ƙofa. Takalman wasanta ta saman katanga ya wurgo su. Madam Farida, malamar da ke horar da su, ita ta tsame jakar daga kwata ta tafi da yarinyar gidanta.

Shekaru sun ja, waɗanda suka gani wasu sun mutu, wasu sun tashi, wasu kuma kunya ta rufe musu baki. Shi da ya kamata ya ji kunyar bai da ita. Tun ranar da ya ga hoton Halimatou a jarida da kofi a hannu ya gano cewa kalmar nan "waje" tana da ƙofa biyu, ya bi ta wadda ta fi masa daɗi.

Yanzu ga Halimatou ta ajiye wasa ta dawo Yamai. Ta gina fili a Boukoki, ta kewaye shi da doguwar katanga, za ta buɗe ƙungiyar 'yan mata. Ranar buɗewa za ta faɗi wanda zai shugabance ta. Wannan kujerar ita ta hana Alhaji Mutari sakat. Ya ƙare aikin gwamnati a ɗan teburin bakin ƙofa, bai taɓa shugabantar ko kwamitin gyaran famfo ba. Yana so kafin ya mutu a kira shi Perzidan, ko sau ɗaya ne, a gaban mutane. Har ya sa Nassirou ya ɗinka masa babbar riga, ya kuma gaya wa 'yan fada su fara saba bakinsu da sunan.

Ya shirya ya tafi gidan da Halimatou ta saya wa uwarta. Jummai ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa. Da ya fara kewaye-kewaye ta gane inda ya dosa.

"Yaya," ta ce, "a bar kaza cikin gashinta."

"Ke ba ki san harkar manya ba," in ji shi. "Kira min 'yata."

Halimatou ta fito tana ɗan ɗingisa ƙafar da aka yi wa aiki. Ta durƙusa ta gaishe shi, a durƙushen ma ta kusa kai shi tsawo, abin da ya daɗe yana ba shi haushi.

"Halimatou 'yata, abin da ya wuce ya wuce," ya ce. "Duk garin nan an san ni na fitar da ke waje. In kin tashi jawabi, ki faɗa da bakinki. Manyan baƙi za su zo, ya kamata su san tushen abu. Kuma ƙungiya sai da dattijo na gida a kanta."

Ta ɗan dube shi, fuskarta ba yabo ba fallasa. "Zan faɗa, Kawu. Yadda ya faru zan faɗa."

Ya fito yana murna. Mutumin da ya shekara yana yi wa kansa ƙarya, gargaɗi ma albishir yake jin sa.

Ranar buɗewa an kafa rumfa a tsakiyar filin. Manyan baƙi da 'yan jarida a gaba, matan Boukoki a baya, wasu a kujera wasu a tsaye. Alhaji Mutari ya riga kowa zuwa, ya zaɓi kujerar tsakiya ya baza riga har ta hau cinyar na kusa da shi. 'Yan fada sun biyo shi don su ga naɗin Perzidan.

Halimatou ta yi magana da Faransanci, ta gode wa ekip-ekip ɗin da ta yi wa wasa, ta ba da labarin wani maci a Luanda da ta buga da zazzaɓi a jikinta. Sannan ta juya harshe zuwa Hausa.

"Akwai maganar da aka ce in faɗa da bakina. Kawuna, Alhaji Mutari, shi ya fitar da ni waje."

Layin gaba ya ɗauki tafi. Alhaji Mutari ya miƙe, ya juya dama ya juya hagu, yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

"Da hannunsa," ta ƙara. "Ko jakata bai bari na ɗauka da kaina ba."

Tafin ya ƙaru. Wani babban baƙo ya miƙo masa hannu. A daidai nan ne tsohuwa Kadi, maƙwabciyarsa ta shekara da shekaru, wadda ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan gaisuwa, ta ce daga baya, "Wallahi gaskiya ne, muna wurin. Har takalman ma shi ya wurgo mata ta saman katanga."

Dariya ta fara daga matan baya, ta taho layi-layi. Waɗanda suka sani suna raɗa wa waɗanda ba su sani ba. Babban baƙon ya janye hannunsa ya shiga gyaran tabarau. Alhaji Mutari yana tsaye, hannu a sama, ya rasa yadda zai yi da shi. Ya waiga wajen 'yan fada, ya tarar Nassirou ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa na rawa.

Halimatou ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, ta ce, "Wadda ta tsame jakar daga kwata ita ce Madam Farida. Ita ce shugabar wannan ƙungiya."

Da wani mai zuciya ne, da ya kwana biyu bai fito ba. Alhaji Mutari kuwa washegari da hantsi ya sake zura rigar ya nufi filin. A lissafinsa, in babu Perzidan ai akwai mataimaki. Ya buga ƙofar ƙarfen. Daga ciki ana jin ƙarar ƙwallo a kan siminti, da muryar Halimatou tana ce wa yara su ɗaga hannu su daina tsoron kwando.

Madam Farida ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar ba ta kauce ba. Ta tsufa, amma usur ɗin nan yana nan rataye a wuyanta.

"Ina kwana, Alhaji."

"Wurin 'yata na zo."

"Tana horo. Maza ba sa shiga lokacin horo, shi ya sa aka yi katangar da tsawo, don iyaye su yarda su bar 'ya'yansu su zo. Ai kai ka fara cewa bai dace a ga ƙafafun 'yan mata ba."

"Ni kawunta ne."

"Na sani, Alhaji. Ina wurin." Ta kama marfin ƙofar. "Sai dai ka jira ta a waje."