Kwalin Ƙarƙashin Mota

Yayana Harlan ya yi shekara talatin da ɗaya yana haɗa injin mota a wata masana'anta a garin Dayton na Amurka, kuma tun muna samari ba ya jin maganar kowa, balle tawa ni ƙaninsa. Bara mantuwa ta fara kama shi. Ranar da ya bar tukunya a kan wuta ya tafi coci, 'yarsa Jolene ta ce magana ta ƙare, gidan kula da tsofaffi za shi.

Shi kuwa ya kafe. Ya nuna jar motarsa ƙirar Chevelle 'yar 1970, wadda ta daɗe tana ɗigar da baƙin mai, ya ce zai canza gaskit ɗin kaskon man, wato robar da ke hana man ɗiga, da hannunsa. In aka shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashinta ya kwana ba ɗigo, a ƙyale shi a gidansa. Jolene ta yarda, don ta san taurin kan ubanta.

Ranar Asabar na je, aikina riƙe fitila kawai. Ya tsiyaye man, ya sauke kaskon, ya kankare tsohon gaskit tas, yana yi min tsiya wai ko fitilar ma ban iya riƙewa ba. Raina ya yi fari. Sai aka zo ɗaurin noti. Shi ya koya min ba a bin su a jere: ka ɗaure na nan, ka tsallaka ɗaya gefen, a hankali, don in ka matse da ƙarfi gaskit zai tsage. Ina kallo ya bi su a jere, ya zagayo ya sake matse waɗanda ya riga ya matse. Na ci gaba da riƙe fitilar kawai. Da ya gama ya yi wani rubutu a bayan kwali, ya tura shi ƙarƙashin motar.

Da safe na riga kowa shiga garejin. Ɗigo uku, baƙi ƙirin. Zuciyata ta karye. Na naɗe kwalin na cusa a bayan motata, na shimfiɗa wani, ni da nake cika baki ban taɓa ha'intar kowa ba.

Jolene ta zo bayan coci, ta duƙa ta ga kwali fes, ta sauke ajiyar zuciya. Harlan ya matso. Ya jawo kwalin, ya juya shi ya duba bayan, sannan ya dube ni.

"Delbert, ina wanda na sa wa hannu?"

Duk aikin da ya gama a rayuwarsa sai ya rubuta harufan sunansa a jiki, ɗabi'ar masana'anta ce. A gabana ya rubuta. Ashe ranar ni ne mai mantuwar.

"Ɗigo nawa?"

"Uku, Yaya."

"A jere na bi su ko?"

Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ciro makullin gidan ya danƙa wa Jolene, ya ce ta ba shi zuwa Laraba ya haɗa kayansa. Ni kuma ya miƙo min sifana.

"Shiga ka kwance, ka sake. Tsallake-tsallake fa, malalaci. Kawo fitilar in riƙe maka."