Zumar Malam Dabo

Aina'u ta warware tsumman ƙarshe daga ƙafar mahaifinta, warin ya buge ta har sai da ta kau da kai. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fara bin sahu, kumburin kuma ya haura idon sawu.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun shuka. Ƙaya na taka a gindin gawo," in ji Malam Dabo, sai ka ce labarin ƙafar wani yake bayarwa. "Ko zafi ba ta yi, Uwata." Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa yake kiranta haka.

Rashin zafin ne ya fi tsorata ta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, tana karatun sinadaran jikin ɗan Adam, ta san abin da ciwon suga yake yi wa ƙafa. Duk wayar da ta bugo gida, amsar ɗaya ce: lafiya lau. A ƙauyen nan ko mutum yana gargara, in ka tambaya "da sauƙi" za a ce maka.

Innarta Larai ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zani.

"Wallahi duk abin da kika ce mun bi. Tun da aka ce yana da ciwon nan, ko ƙwayar sukari ba ta sake shiga gidan nan ba. Ga zuma ina ba shi safe da yamma, a koko, a fura, a ruwan ɗumi. Kowa ya ce ita ce makarinsa."

Malam Dabo mai zuma ne, kusan duk gawo da ɗorawar da ke tsakanin gonakin garin akwai amyarsa a kai. Aina'u ta dubi tulunan da ke jere a bakin ɗaki, waɗanda a da ake kaiwa kasuwar Ɗambatta. Ashe Larai ce ta hana a sayar, ta ajiye wa mijinta magani. Aina'u ta buɗe baki, ta ga yadda Innar take kallonta tana jiran a yaba mata, sai ta ce kawai, "Inna, ɗauko masa hula. Asibiti za mu."

A Ɗambatta likitan ya soka wa ƙafar tsinken allura nan da can, Malam Dabo yana kallon silin. Aka ɗiga jininsa a ɗan injin awo, injin ya ƙi nuna lamba don tsabar yawa. Likitan ya tambayi abin da yake ci, Aina'u ta faɗa masa da ƙaramar murya. Ya ajiye biro.

"Baba, zuma tana da amfaninta. Amma ga mai wannan ciwon, ludayi-ludayi kullum, da ita da sukari duk tafiyarsu ɗaya." Ya sake duban ƙafar. "Ƙafar ta mutu. Sai an je Kano an cire ta daga ƙasan gwiwa, gara yau da gobe. In ruɓar ta shiga jini, ba ƙafa ake magana ba kuma."

Malam Dabo ya yi godiya kamar wanda aka yi wa kyauta.

Suka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya a bakin tasha. Yaran mota suna ta ihun "Kano! Kano! Saura biyu!" Ga bas ɗin nan a gabansu, ƙofa a buɗe.

"Uwata, wai me kike karantawa ne duk shekarun nan? Kullum na tambaya sai ki ce sinadari."

Ta share ido. Ta san jan lokaci yake yi, amma ta biye masa.

"Hantar mutum kamar rumbu ce, Baba. In an ci abinci, sukari ya shiga jini, akwai wani sinadari, inzayim ake ce masa, shi ke kama sukarin ya ɗaure shi kamar dami, a jefa a rumbu. To akwai wani furotin da ke riƙe da shi. In babu abinci, sai ya kulle shi a ɗaki. In an ci, ya sake shi ya yi aiki. A kan wannan mai riƙon nake bincikena."

"Ikon Allah. Wato har a cikin ciki akwai sarkin noma." Ya yi 'yar dariya. "To nawa barci ya yi ke nan?"

"Ba shi kaɗai ba ne. Abin da yawa. Har yanzu ana kan bincike."

"A wane kemis ake sayar da shi?"

"Ba a sayarwa, Baba."

"To," in ji shi.

Wannan "to" ɗin ta fi mari ciwo. Tana iya zana furotin ɗin a allo da ido rufe, ta faɗi inda yake kamawa da inda yake saki, amma babu abu ɗaya a cikin karatun da zai dawo da yatsa guda.

"Baba, tashi mu shiga motar nan. Don Allah."

"Da ƙafa ɗaya wa ya taɓa hawa gawo?"

"Sai a bar hawan! Ranka ake magana."

"In zauna a zaure ana miƙo mini kwano, ƙudan zumana suna watsewa ina kallo? A'a. Da biyu na zo, da biyu za a mayar da ni."

Ta roƙe shi da Allah da Annabi. Ta durƙusa a gabansa cikin ƙasar tasha, masu tallar gyaɗa suna kallo. Ta ce ana sa ƙafar roba, ta ce ta ga masu ita suna noma. Ya bar ta ta gama, yana jan carbi. Bas ɗin Kano ya cika, aka ja ƙofa, ya tashi.

"Abu ɗaya nake so ki yi mini," in ji shi. "Kada Innarki ta ji zancen zumar nan. Matar nan ko lasa ba ta yi, wai kada ta rage mini magani. In ta san da hannunta ne, ita za ta riga ni tafiya."

Bai nemi ta yi masa alkawari ba, ya san 'yarsa.

Bayan la'asar suka isa gida. Gero ya yi kai a gonakin da ke bakin hanya, amyoyin Malam Dabo suna rataye a kan itatuwa. Larai ta tarye su a tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma.

"Me likitan ya ce, Malam?"

"Ya ce a ci gaba da addu'a."

"Alhamdulillahi. Ai na faɗa." Ta shiga madafi da sauri, ta dawo da ƙwaryar koko, zuma tana kwance a sama ba ta gama narkewa ba. "Na ƙara ludayi ɗaya, tunda ciwon ya yi ƙarfi."

Aina'u ta miƙa hannu. "Inna, kawo ni zan ba shi."

Niyyarta ta zaga bayan rumbu ta zubar. Amma Malam Dabo ya riga ta, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ya dubi 'yarsa ta saman bakin ƙwaryar, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Tana tsaye tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ta san duk inda zumar za ta bi, daki-daki, har hanta.

Ya shanye tas, ya miƙa wa Larai ƙwaryar.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Ta yi daɗi."