Matoshi a Tsaye

Narelle na durƙushe a ƙuryar ɗakin ƙasa tana goge ƙurar kwalabe biyu da gefen rigarta sai ta ji takun ƙaninta a matakala. Ba sai ta waiga ba. A duk gidan Haddow, Craig kaɗai ke shigowa ma'ajiyar giya da turare a jikinsa.

"Kai, fice min da wannan ƙamshin naka. Sau nawa zan faɗa maka?"

"Haba Relle, yau fa ranar baƙi ce." Ya leƙo ta kafaɗarta. "Su ke nan suka rage? Biyu kacal?"

"Su ke nan."

Semillon ce, farar giyar inabin nan marar zaƙi ko kaɗan da kwarin Hunter ke taƙama da ita. Tun inabin na da tsami ake tsinke shi, a zafin Janairu, lokacin bazarar ƙasar, kafin ruwan sama ya ruɓar da shi. A shekararta ta farko sai ka rantse ruwan lemun tsami aka ba ka. Amma a bar ta a duhu ta yi shekaru, sai ta koma ƙamshin zuma da gasasshen burodi. Waɗannan biyun sun haura shekara ashirin da biyar, kuma su ne ragowar giyar da ta ɗaga sunan gidan.

A shekarar da aka yi ta, mahaifinsu Clive na kwance a asibiti a Newcastle, an yi masa aiki a baya. Narelle ce, tana 'yar ashirin da biyu, ta ɗanɗana inabin ta ce a tsinke, washegari kuwa ruwa ya ɓarke ya cinye na maƙwabta. Ita ta matse, ita ta kula da tankin har aka zuba a kwalba. Lambobin zinariya suka yi ta zuwa daga gasar giya, sunan Clive ne a jikin kowace. Har yau in baƙi sun zo sai ya ba su labarin yadda ya tsaya a gona da asuba ya ji ƙamshin ruwa a iska. Mutumin da ko banɗaki ba ya iya kai kansa a lokacin!

"Baba dai ya gaya miki ko?" in ji Craig, yana wasa da makullin mota.

"Ya gaya min me?"

"Au. To, yau zai sanar. Ni zan karɓi gidan. Ke kuma ba abin da zai canja, kina nan wurin tankunanki. Ya ce ke ba ki iya mutane ba, kuma ai kema kin sani."

Narelle ta miƙe da kwalaben a ƙirjinta. Wannan fa shi ne Craig da ya yi shekaru yana sayar da motoci a Sydney, sai da aurensa ya mutu ya tuna yana da uba. Ta wuce shi ta hau matakala.

Ta sami tsohon a baranda yana fama da maɓallin hannun riga. Daga can ana hango rumfar kwanon da aka shirya teburi, da layukan inabi har gindin dutse.

"Baba, gaskiya ne abin da Craig ya faɗa?"

"Bakinsa ba ya riƙe magana, irin na uwarku. Zo ki ɓalla min wannan."

Ta ajiye kwalaben ta ɓalla masa.

"Shekara nawa nake yi maka giya, Baba?"

"Ina biyanki, ko ba na biyanki?" Ya gyara wuyan rigarsa. "Sunan da ke jikin kwalba Haddow ne. 'Ya'yan Craig Haddow ne. Ke wa za ki bar wa? Karenki?"

"Ko sau ɗaya ka faɗa a gaban mutane cewa ni na yi waccan giyar. Shi ke nan abin da nake nema. Yau ce ta ƙarshe, daga waɗannan biyun babu saura."

"Je ki canja riga, yarinya. Kin yi kama da mai wankin tanki."

Abin da Craig bai sani ba, kuma ba wanda ya sani a kwarin, shi ne hancin Clive Haddow ya mutu. Tun da korona ta kwantar da shi bai sake jin ƙamshin komai ba. Narelle ta gane ne ranar da ya tsaya a bakin wani tanki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana cewa madalla. Ga kuma al'adar gidan tun daga kakansu: ba a zuba wa baƙo giya sai maigida ya shinshina ya yarda. Tsofaffin kwalaben nan kuwa matoshin ɓawon itace gare su, kuma wani lokaci matoshin kan ɓata giya, ta koma warin kwalin da ya kwana cikin ruwa. Ba laifin mai yi ba ne, amma abin kunya ne babba ka zuba wa mutane ita.

Ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Haka kawai abin ya zama: ita ke buɗewa, ta kai matoshin hancinta. In giyar lafiya take, ta tsayar da shi a kan teburi. In ta lalace, ta kwantar da shi. Shi kuma ya juya kofi, ya lumshe ido, ya yanke hukunci, mutane su yi ta mamakin hancin ɗan shekara tamanin. Shekara uku ke nan tana ara masa hancinta, ko sannu bai taɓa ce mata ba.

Baƙin ba su da yawa, tsofaffin abokan ciniki ne da ke zuwa liyafar kowace shekara. An ci jatan lande da gasasshen kifi, ana kore ƙudaje da hannu. A kusa da Clive aka zaunar da Beryl, wadda ta yi rabin rayuwarta tana alƙalancin gasar giya, ita ce ma ta fara liƙa wa wannan Semillon ɗin zinariya. Tun Narelle na ƙarama take kiranta Anti.

Clive ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ya yi maganar kakansa, ya yi maganar fari da ambaliya, sannan ya dafa kafaɗar Craig ya ce ga magajinsa. Aka tafa. Wani mai gidan abinci daga Sydney ya ce, "Ashe motoci sun yi hasara!" aka yi dariya. Sunan Narelle bai fito ba.

"Yanzu kuma," in ji Clive, "za mu yi ban kwana da tsohuwar budurwata. Kwalba biyu suka rage a duniya. Yarinya, buɗe mana."

Ta murɗa mabuɗin a hankali, matoshin ya fito lafiya lau. Tana kai shi hancinta ta ji. Kwali jiƙaƙƙe, da ɗan warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kash! Ta lalace.

Ba ta shirya komai ba, wannan gaskiya ne. Hannunta ma har ya fara kwantar da matoshin don sabo. Sai ta ga hannun ubanta har yanzu a kafaɗar Craig. Ta tsayar da matoshin cak a kan farin mayafin teburi, ta zuba masa.

Clive ya saci kallon matoshin, ya juya kofin, ya cusa hanci, ya lumshe ido.

"Uhm. Kun ji ta? Zuma. Gasasshen burodi da man shanu. Can ƙasa kuma lemun tsamin na nan da ransa. Wannan za ta binne ni ta binne Craig. Zuba musu, yarinya."

Ta zagaya teburin, kowa ɗan kaɗan. Tana ganin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai gidan abincin ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya dubi matarsa. Wani likita ya ajiye kofinsa ya hau gyaran cokula. Narelle kuwa ta ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa, ta ji daɗi har cikin ranta.

"Kai, Baba!" in ji Craig, ya kurɓa ya tanɗe baki. "Zumar nan har maƙogwaro."

Beryl ta jawo bokitin da ake tofar da giya a ciki, ta juye kofinta duka.

"Clive, kai da ni mun tsufa da wasan yara. Matoshi ya ci wannan kwalbar. Daga nan nake jin warinta tun kafin a zuba. Me ya sami hancinka?"

Clive ya dubi kofinsa, ya dubi matoshin da ke tsaye, sannan ya ɗago ya dubi 'yarsa. Wuyansa ya yi ja. Narelle ta ga tsufansa duka a fili, sai daɗin nan ya fara gushewa. Ta buɗe baki za ta ce wani abu.

Sai ya yi dariya.

"Kin kama ni, Beryl. Mura nake fama da ita tun shekaranjiya, hancin a toshe yake. Na dogara da yarinyar nan ne, kun ga dai ita ta buɗe, ita ta shinshina a gabanku." Ya girgiza kai. "Tunda abin ya zo haka, bari in faɗi abin da ta daɗe tana roƙona in faɗa. Ko ɗazu a baranda sai da ta roƙe ni. Wannan giyar ba ni na yi ta ba. Narelle ce ta yi ta, daga tsinka har kwalba, ina kwance a asibiti. Tata ce. Ku tafa mata mana."

Aka tafa, tafi biyu uku marar ƙarfi, kowa da ruɓaɓɓiyar giya a gabansa.

"A da tana da hanci," ya ƙara, yana duban baƙin da tausayi. "A da. Shekaru ne, ba wanda suke bari. Yanzu kun ga dalilin da ya sa na yi abin da na yi yau."

"Ayya, Relle," in ji matar mai gidan abincin, ta taɓa hannunta. "Akwai wani likitan hanci a Sydney, zan turo miki lambarsa."

Narelle ta dubi Beryl. Tsohuwar ta kalle ta, ta kalli matoshin, ta kawar da kai tana goge bakinta. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ba za ta shiga faɗan gidan Haddow ba.

"A kawo sababbin kofuna," in ji Clive. "Saura ɗaya. Yarinya, buɗe. A hankali wannan karon."

Ta kafa mabuɗin. Matoshin ya fito. Ta kai shi hancinta, ta zuba ɗan kaɗan a kofinsa, ƙamshin ya taso ya same ta tun kafin ta ɗago kwalbar. Wayyo! Zuma, burodi mai zafi, ɓawon lemu, da wani sanyi irin na asubar da ta tsaya ita kaɗai a gona ta ce a tsinke. Ba ta taɓa jin giyar ta kai haka ba, ko a shekarun da take cin zinariya. Idonta ya kawo ruwa.

Ta tsayar da matoshin. Ta riƙe shi da yatsa har sai da ta tabbata ya gani.

Clive ya daɗe yana kallon matoshin. Ya ɗauki kofin, ya juya, ya cusa hanci. Ta saman kofin idonsa na kanta, yana neman wani abu a fuskarta, ita kuma ta gyaɗa masa kai kaɗan, Baba gaskiya ne, wannan gaskiya ne. Ya ajiye kofin ya ture shi.

"Ko da murar na ji wannan," ya ce. "Ita ma ta tafi. Ba za a yi min sau biyu ba. Craig, zubar."

"Baba, lafiyarta lau! Anti Beryl, shinshina ki ji, don Allah!"

"A teburina," in ji Clive, "ba a zuba wa baƙo abin da ban yarda da shi ba."

Beryl ta miƙo hannu, amma Craig ya riga ta. Ya ɗauki kwalbar da kofin, ya kifa su a bokitin, yana yamutsa fuska yadda ya ga manya na yi.

"Tabbas," ya ce. "Wannan ma ta fi ta farkon wari."

Ƙamshin ya taso daga bokitin ya bi teburin. Mutanen da ke kusa suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, suka dubi juna. Clive na zaune a tsakiyarsu ba ya jin ƙamshin komai, ya ce a kawo kek.