Addunan da Aka Wasa Don Gidan Tambaya

A ranin 2005 ruwa ya daina isowa ƙarshen kanal ɗin da ke shayar da gonakin su Maikuɗi, can bayan Bunkure. Tumatir ya fara zubar da fure, albasa ta kwanta. Nan da nan magana ta gama gari, wai mutanen Gidan Tambaya, waɗanda ruwan ke fara ratsa gonakinsu, su ne suka tare shi.

Maikuɗi ne shugaban ƙungiyar manoman rani, kuma ransa ya fi na kowa ɓaci, don gonarsa ce ta ƙarshe. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Duk wanda ya tambaya ko ya gani da idonsa, sai ya ce wane ne ya faɗa masa. Gari guda, ba shaida ko ɗaya!

Da safe sai ga maza a ƙofar gidansa da adduna, ƙaninsa Uba a gaba yana ta kumfar baki.

"Yaya, izininka kawai muke jira. Yau sai an zubar da jini."

"Za mu je," in ji Maikuɗi. "Amma bakin kanal za mu bi, ba titi ba. Duk inda muka ga an tare ruwan, mai wurin ya shiga uku."

Suka ɗauki shewa suka bi shi.

Ba su ma fita daga yankin gonakinsu ba suka tarar da abin. Kacalla ce, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cushe kanal ɗin har ba a ganin siminti. A bayanta ruwa ya cika maƙil, yana tsallake gaɓa yana malala cikin jeji. A da, kafin kowane rani akan yi gayya a share ta. Tun da wani ya ce ai aikin gwamnati ne, kowa ya ajiye addarsa.

Maikuɗi ya juyo ya fuskance su cikin haushi.

"Ga ɓarawonku nan! Mu muka shuka shi da lalacinmu, har da ni. Wallahi kun ba ni kunya. Kun iya wasa adda don wuyan maƙwabci, amma ta gagare ku don ciyawa?"

Ya naɗe wando ya faɗa cikin laka. Ɗaya bayan ɗaya suka bi shi, kowa fuska a murtuke. Kafin la'asar ruwa ya isa gonar ƙarshe.

Ba wanda ya ce masa sannu. A taron da ya biyo baya suka tsige shi, wai ya ci mutuncinsu a bainar jama'a, suka ɗora Uba, mai faɗa musu abin da suke son ji.

Da rani ya zagayo kacalla ta dawo, ruwa ya sake yankewa. Maikuɗi na tsaye cikin busasshen tumatirinsa ya jiyo sabon shugaba yana jawabi: "Mutanen Gidan Tambaya ne!"