Hannuwan Baba Almu

"Mi ne wanga a hammatarshi?"

Baba Almu ya kai takardar dab da hancinsa, don idanun sun daɗe da yi masa gardama. Rayan ta tsaya a bakin angarib ɗinsa, gadon igiyar da aka fito masa da shi ƙarƙashin rumfa tun da ciwo ya kwantar da shi. Kisra, wainar dawa ta Sudan, ta kawo daga gidansu, katanga ɗaya ce tsakani, sai iska ta fizgi takardar zane ɗaya daga hannunta ta ajiye a ƙirjin tsohon.

"Ganga ce, Baba."

"Kalangu dai. Shi kuma wa?"

Ta yi masa bayani. Wata ƙawarta a birnin Madani ce ta rubuta littafin yara, shafi ɗaya Larabci ɗaya Hausa, saboda yaran ƙauyukan nan na wajen garin Hajj Abdalla, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su amsa maka da Larabci. Labarin wani shahararren makaɗin Kuba ne da ya daɗe da rasuwa. Rayan, malamar firamare, ita aka ba zanen. Hoton fuskar mutumin kaɗai aka turo mata, ita kuwa a saninta ganga a hammata take zama.

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya bitti, ɗiyata, kin mai da mutumin Kuba maroƙin biki! Konga aka ce mata. Tsaye take tsakanin gwiwu. Ba sanda, hannu ne."

"Kai ina ka san ta, Baba?"

Matarsa Inna Lami ta ɗago daga fifita gawayin jabana, tulun dafa gahawa. "Bai san ta ba. Sha maganinka, Alhaji."

Rayan ta tashi ta gan shi manomin auduga, mai sahun gaba a masallaci, wanda ko rediyo ba a kunnawa a gidansa sai don labarai. Abin ya tsaya mata a rai.

Washegari da Inna Lami ta tafi kasuwa, ya aike ta ɗakin ajiya. A bayan buhunan dawa ta tarar da wani dogon abu na katako, an kifa shi, an cika cikinsa da albasa. Ba fata.

"Ni na yanke fatar da hannuna," ya ce. "Muna da ƙungiya a Madani. Farin wando, gashi ya sha mai, kiɗan rumba har mutane su manta takalmansu. Uban Lami ya ce ɗiyarshi ba ta zama gidan makaɗi. To, khalas, magana ta ƙare. Shekara arba'in da bakwai ke nan."

Ya sa ta kawo jarkar ruwa, ta tallafe shi ya zauna, ya matse jarkar da gwiwoyinsa. Hannuwan da ba sa iya riƙe kofin shayi sai ga su sun daina rawa. Gindin tafin hagu ya sauka, yatsu suka biyo, dama ta mari gefe. Sautin bai fi na mai ƙwanƙwasa ƙofa ba, amma tsigar jikin Rayan ta tashi. Ɗan ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, tsohuwar karaya. Ta zana shi yadda yake.

Safiya uku suna haka, duk sa'ad da Inna Lami ta fita. Shafin ƙarshe na littafin, Rayan ta yanke shawara, hannuwa ne kawai a kan fata. A safiya ta huɗu aka kama su.

"Yage ta," in ji Inna Lami.

"Inna, hannu ne kaɗai, ba fuska."

"Wa bai san yatsan ga ba cikin garin ga? Yana kwance yana jiran Ubangijinshi, ke kina son jikokinshi su buɗe littafi su ga kakansu makaɗi?"

Baba Almu ya juya fuskarsa bango. Rayan ba ta yaga ba, amma ta yi alkawarin zanen ba zai bar ɗakinta ba sai da yardar Inna. Ta koma gida zuciyarta na ƙuna, don ta san in takardar nan ta mutu a akwati, babu sauran wanda zai san abin da hannuwan nan suka iya.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta ji salati ta kan katanga. Kafin magariba an kai shi, bayan babbar tur'ar da ke kai ruwa gonaki. Kwana uku tana wanke kofunan shayin masu gaisuwa. Ƙawarta ta kira sau biyu tana tambayar shafin ƙarshe, Rayan ta ce tukuna.

Da aka naɗe tabarmi, Inna Lami ta kira ta. Tana zaune cikin fararen kayan takaba.

"Kawo takardar."

Ta daɗe tana dubawa.

"Ba daidai ba ne."

Rayan ta matso ta leƙa zanen.

"Yatsan ya fi haka karkata. Ran da ya karye ina wurin. Bikin ɗiyar gwaggona, ina leƙe ta bayan zana. Ya bugi ƙarfen bakin gangar, bai tsaya ba har aka gama." Ta goge ido da gefen mayafi. "Wallahi kiɗan na fara so kafin shi. Ban taɓa gaya mishi ba."

"Inna..."

"Gyara. Ki sa sunanshi ƙasa, Hausa da Larabci. Almu kawai. Sa'annan bai zama Alhaji ba."

Rayan ta ciro abin gogewa daga jaka. A gindin rumfar, albasa ce tsibi guda a kan buhu, kongar kuma a tsaye, an share mata ƙura. Inna Lami ta jawo ta tsakanin gwiwoyinta, ta ɗora tafin hagu a bakin da babu fata, ta lanƙwasa ƙaramin yatsanta, ta riƙe shi haka tana jiran Rayan ta fere fensir.